Baba Jirgi, Maigadin da Ya Koya wa Ajina Gidajen Duniya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mu duka na Allah ne, kuma gare Shi kowa zai koma.

Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Yuli, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina tsaye gaban allo da alli a hannu, 'yarka ta kira ni a waya. Ba ta tsawaita ba. Ta ce, "Malama, Baba ya cika." Na ajiye allin, na juyo na dubi yara talatin da ke jiran in ƙarasa musu jimlar da na fara, na rasa ta inda zan soma. Ta tagar ajin ana hango ƙofar makaranta, inda ka shekara goma sha ɗaya kana zama a kan kujerar ƙarfe. Wani saurayi ne a wurin ranar, sanye da kaki mai sheƙi, yana latsa waya.

An saba a irin wannan rubutu mutum ya sassauta harshe, ya yabi mamaci, ya yi addu'a, ya ajiye alƙalami. Zan yabe ka, Baba, domin ka cancanta, kuma zan yi maka addu'a. Sassauta harshen ne ya gagare ni. Yau kwana tara ina lallashin zuciyata ta kwanta, ta ƙi. Ba ni da ja da mutuwa; kwananka ne ya ƙare, babu wanda ya isa ya ƙara maka sa'a guda ko ya rage. Abin da ke cin raina shi ne yadda aka yi da kai a makonni bakwai na ƙarshen rayuwarka, da mutanen da suka yi hakan, waɗanda ni ma ina cikinsu.

Ga wanda bai san ka ba: kai ne maigadin ƙaramar makarantar firamaren da nake koyar da 'yan aji biyu. Kafin gadi, ka shekara ashirin da shida a ɗakin injin jiragen ruwa masu dakon kaya, kana shafa mai, kana goge ƙarfe, har inji ya cinye maka yatsu biyu na hannun hagu. Shi ya sa yara suka laƙaba maka Baba Jirgi, mu ma manya muka bi su. Ɗakinka shi ne ɗan ƙaramin ɗakin nan na jikin ƙofa: katifa, buta, rediyo mai eriyar waya, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin taga, da igiyar shanya da ka ɗaure da wani irin ƙulli wanda har ka tafi babu wanda ya iya kwance shi.

Ba zan ce kai mai sanyin hali ba ne, domin da kana nan da ka ƙaryata ni. Kana da faɗa. Direban da ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe wa yara hanya ya san bakinka. Malamin da ya makara ma bai tsira ba. Wata safiya na iso bayan an buga ƙararrawa, ina haki, ka buɗe mini ƙofa kana duban agogo, ka ce, "Malama, da jirgi ne da yanzu iyo kike yi." Kwana biyu ina gaishe ka ciki-ciki saboda maganar nan.

Abin da ya haɗa mu ya faro ne daga kuskurena. A manhajar zango na biyu akwai darasi a kan gidaje iri-iri. Littafin ya ba shi rabin shafi da hotuna huɗu da suka dusashe. Don in cike lokacin, na ce kowane yaro ya zana gidansu. Akwai yaron da 'yan aji ke kira Ɗan Gayu, mahaifinsa dillalin motoci ne; ya zana bene da motoci uku a tsakar gida. Akwai kuma yarinyar da muke kira Shiru, wadda aka kawo mana a farkon shekarar karatu bayan ambaliya ta cinye gidansu. Ita da iyayenta da ƙannenta suna kwana a bayan shagon kawunta, labule ne ya raba su da masu ciniki. Shiru ta zauna ta zuba wa farar takarda ido. Ɗan Gayu ya leƙa ya ce da ƙarfi, "Malama, ita ba ta da gida, a shago suke kwana." Aji ya tuntsure da dariya. Kafin in buɗe baki ta fice a guje.

A ƙofa na same ta. Ka ɗora ta a kan kujerarka, kai kuma ka tsuguna a ƙasa, duk da gwiwar nan da ke ba ka wahala, kana zane da tsinke a kan yashi. Gida ne mai dogayen ƙafafu. Na ji kana ce mata akwai garin da jirginku ya taɓa tsayawa, inda kowane gida ƙafafu gare shi kamar zalɓe, ruwa ya zo ya wuce ta ƙasa mutanen gida na sama suna cin abincinsu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ruwan ba ya shiga ɗaki?" Wata biyar yarinyar nan tana ajina, ban taɓa jin ta yi tambaya ba sai ranar.

Na ce ka zo ka gaya wa sauran yaran. Ka ce kai maigadi ne, ba ka san aikin malanta ba. Na dawo washegari na sake roƙonka, ka ƙi. Rana ta uku na tsaya maka a ƙofa na ce ba zan tafi ba sai ka amsa. Ina rubuta wannan dalla-dalla ne don kowa ya riƙe: ni na roƙe ka, sau uku. Na kuma gaya wa hedimasta, ya ce in yi abin da na ga ya dace. Muka shirya darasin ƙarshe na kowace Alhamis, lokacin da ƙofa ke kulle, mai shara ta zauna a kujerarka da mabuɗi a hannunta.

Na zaci labari za ka ba su su saurara. Ka shigo da tsofaffin kwalaye a kafaɗa ka ce wanda bai gina abu da hannunsa ba zai manta kafin ya kai gida. Ka raba su rukuni shida, biyar-biyar, ka ce kowane rukuni ma'aikatan jirgi guda ne. Akwai shugaba, da mai awo, da mai yanka, da mai gam, da mai riƙewa har gam ya bushe. Duk mako aiki yana zagayawa, shugaban yau shi ne mai riƙewa na mako mai zuwa. Na kawo almakashi goma sha biyu, ina kallo ka zura shida a aljihunka. Da na tambaya ka ce, "In kowa na da nasa, babu wanda zai ce wa ɗan'uwansa don Allah." Ka kafa doka ɗaya da ba ka taɓa sassautawa ba: babu rukunin da zai taɓa fenti sai rufin kowa ya hau. Wanda ya gama da wuri ya wanke hannu ya tafi taya wanda aka bari a baya.

Makon farko hayaniya ce zalla. An yi kuka, an yi cizo, wani ya shafa wa wani gam a gashi. Ka tsaya a tsakiyarsu kana tsawa kamar kana magana da ƙarti a kan teku, su kuwa ko gezau, sun riga sun gano tsawarka ba ta da duka a bayanta.

Gida mai ƙafafu ka ba rukunin Shiru, ka naɗa ta shugaba, ka sa Ɗan Gayu mai riƙewa a ƙarƙashinta. Ya kumbura ya ce shi ba zai bi umarnin 'yar shago ba. Ka ce to ya koma benci ya zauna ya yi kallo. Minti goma ya iya jurewa. Gidan ya faɗi sau biyu. A karo na uku Shiru ta ce a gicciya wasu tsinkaye tsakanin ƙafafun, domin ruwa ba daga sama yake bugun gida ba, daga gefe yake zuwa, kuma da itace da duro yake tahowa. Ita kaɗai ce a cikinmu ta taɓa gani. Ka kawo baho, aka kafa gidan a ciki, ka tuttulo ruwa daga butarka ta gefe da ƙarfi. Gidan ya girgiza, ya tsaya. Wanda ya fi kowa ihu shi ne Ɗan Gayu: "Namu ya tsaya! Namu ya tsaya!"

Haka muka yi makonni goma. Sun gina gida mai tsinin rufi irin na ƙasashen dusar ƙanƙara, ka sa suka zuba yashi a kan shimfiɗaɗɗen rufi da mai tsini, su ga wanne zai lotse. Sun gina gidan da yake cikin kwale-kwale, har da igiyar shanya da kejin kaji. Sun gina gidajen da suka hau jikin tsauni, wani a kan wani, kowanne da launinsa. Sun tara kwalayen ashana suka yi dogon bene, ka ba su labarin wani abokin aikinka da ke zaune a hawa na goma sha tara, shekara takwas bai san sunan maƙwabcinsa ba. Yaran suka tausaya masa ƙwarai, wata ta ce a yi masa taga mai kallon ta maƙwabcin ko sa gaisa. Tagwayen ajin suka nace sai an yi gidan ƙanƙara. Ka ce, "Wannan ban gani da idona ba. A hoto na gani kamar yadda kuka gani. Ku tambayi Malama." Ka jefa ni a aiki, sai da na yi kwana uku ina karatu kafin na iya amsa tambayoyinsu.

Da shidan suka kammala, ka ce saura guda: gidajenku. Wannan karon ajin gaba ɗaya ya zama jirgi ɗaya. Suka shimfiɗa doguwar hanya a kan tebur biyu, kowa ya kawo gidansu, amma ka hana kowa gina nasa. Sai dai ya kwatanta wa abokinsa, abokin ya gina masa. Ɗan Gayu ne ya gina shagon su Shiru. Ya tambaye ta launin labulen, ta ce shuɗi ne mai furanni, ya zagaya aji yana neman ƙyalle irinsa. A ƙarshen hanyar suka ɗora ɗakinka, da 'yar kujera a ƙofa. Ka duba ka ce sun yi tagar a karkace, ka juya baya kana gyaran murya.

A duk tsawon makonnin nan mai makaranta bai taɓa leƙa ajina ba. Ranar da ya shigo neman wani abu daban ya ga teburan, idonsa ya buɗe. Aka sa ranar baje koli. Aka gayyaci iyaye da masu duba makarantu. Aka bugo babban ƙyalle mai ɗauke da hotonsa, an rubuta sabon tsarin koyarwa ne da makarantarmu ta ƙirƙiro. Da safiyar ranar ya zagaya teburan, ya tsaya a kan hanyar gidajen yara, ya nuna shagon su Shiru da ɗakinka da wasu gidaje uku masu rufin tsohon kwano, ya ce a kwashe su, za su zubar da mutuncin makaranta a idon baƙi. Ni na kwashe su da hannuna na sa a kabad. Kai kuma aka ce ka tsaya a ƙofa ka tsara wa motoci wurin tsayawa.

Ina nan kusa lokacin da wata daga cikin masu duba makarantu ta sunkuya ta tambayi yara wanda ya koya musu wannan aiki. Yaron da muke kira Sarkin Surutu ya ɗaga murya ya ce, "Baba Jirgi ne! Maigadi!" Mai makaranta ya yi dariya ya shafa kan yaron ya ce, "Kin san yara da shirme." Matar ta ce tana son ganinka, aka ce mata kana fama da motoci. Bayan mako biyu aka kawo wa makaranta lambar yabo. Tana rataye a ofishinsa har yanzu.

Mako ɗaya bayan zuwan lambar aka kira taron malamai, aka kira ka. Mu goma sha huɗu muna zaune a kujeru, kai mai shekara saba'in kana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, babu wanda ya tashi ya ba ka wuri. Mai makaranta ya ce wasu iyaye sun yi ƙorafi cewa ba don maigadi ya koyar da 'ya'yansu suka kawo su nan ba. Sannan ya yi tambaya: "Wa ya ba maigadi izinin barin ƙofa ya shiga aji?"

Hedimasta ya duƙufa yana murza biro kamar ranar ya fara ganinsa. Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya. Ni kuma na sunkuya ina kallon jakata. Daga ƙarshe ka ce, "Ni na shiga." Aka ba ka kwana uku ka kwashe kayanka.

Ina da dalilai, Baba. Maigidana ya daɗe ba ya aiki, 'ya'yana uku a makarantar nan suke karatu. Na yi ta jera wa kaina dalilan nan a hanyar gida, kuma duk gaskiya ne, amma babu ɗaya a cikinsu da ya kai nauyin kallon da ka yi mini. Jimla ɗaya ake buƙata: ni na roƙe shi. Ina koya wa yara haɗa jimla tun safe har azahar, ranar na kasa haɗa wannan.

Ƙorafin iyaye kuwa babu wanda ya ga takardarsa har yau. Abin da muka gani shi ne, kafin mako ya zagayo an fasa bangon ɗakinka an sa babbar taga, ya zama shagon sayar da yunifom da littattafai, an kuma ɗauko samari daga kamfanin tsaro masu sara wa motoci. Makaranta mai lambar yabo ta fi ƙarfin tsoho mai yatsu takwas. Ɗakin ake so tun farko. Da an ce maka haka kai tsaye, da ka tafi da mutuncinka. Sai da aka nemo maka laifi, kuma laifin da aka samo shi ne alherin da aka ci moriyarsa aka rataye a bango. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Ranar Asabar aka sa ka tashi, don kada yara su gani. Mai shara ce ta gaya mini ka ɗora katifa da akwati a baro, ka tura da kanka, ka ƙi yarda ta taya ka. Ranar Litinin yara suka tambaya. An umarce mu mu ce ka yi tafiya. Na ce ka yi tafiya.

Wurin 'yarka tela ka koma. Ɗaki ɗaya gare su, ita da mijinta da yara huɗu. Ta roƙe ka ka shigo, surukinka ya ce shi zai koma waje, ka ce ba ka tsufa don ka raba mutum da ɗakinsa ba. Ka zaɓi bencin da ke bayan kekunan ɗinki a shagonta, inda rufi ke yoyo, ga damina ta sauka. Sanyi ya kama maka ƙirji. Ka ce tari ne kawai, ka ƙi asibiti har sai da numfashi ya fara yi maka wuya.

Sai a mako na biyar na iya zuwa. Kunya ce ta hana ni, ita ma kunyar wani son kai ce. Na same ka da hantsi kana gyara wa 'yarka bel ɗin keke, ka rame, kana tsayawa ka yi tari ka ci gaba. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ya kamata in yi magana ranar."

Ka ce, "Ke ce."

Na jira ka ƙara wani abin da zai sauƙaƙa mini. Ka gama ɗaure bel ɗin tukuna.

"Na yi fushi da ke, Malama. Mako biyu ko sunanki ba na son ji. Yanzu ya wuce, na yafe. Me kika ce wa yaran?"

Na ce an sa mu ce ka yi tafiya.

Nan ne ka ajiye abin da ke hannunka. "Ƙarya kika yi musu? Yaran da ko gidan ƙanƙara ban yarda na ce musu na gani ba? Korar ba ta dame ni kamar wannan ba. Za su ɗauka na tafi ban yi musu sallama ba."

Na yi maka alkawarin zan kawo su. Ka ɗan saki fuska, ka tambaye ni ko aiki na ci gaba da zagayawa duk mako, ko na bar masu ƙarfin baki sun riƙe shugabanci. Ka ce in kula da ƙaramin cikin tagwaye, yana barin yayansa ya yi masa komai. Na nemi izinin fita da yara, aka hana. Na ce zan bi iyayensu ɗaya bayan ɗaya mu zo ranar hutu. Na ce wannan Asabar, na ce mai zuwa. Ranar Larabar da ke tsakani ka rasu a asibiti, kwana biyu da kwantar da kai.

Mai makaranta ya zo gaisuwa. Motarsa ta toshe layin gaba ɗaya, da kana nan da direban ya ji a jikinsa. Ya zauna a gaba, ya ce kai uba ne gare mu, ɗan gida ne, makaranta ta yi rashin da ba za ta iya mayarwa ba. Ina daga ɓangaren mata ina ji. Da zai tafi ya sa aka kira 'yarka gefe. Ya ce suna son sa wa kusurwar gidajen nan sunanka a baje koli na baɗi, ta ba shi hotonka mai kyau, kuma ta tuna masa cikakken sunanka. Shekara goma sha ɗaya kana buɗe masa ƙofa safe da yamma. 'Yarka ta dube shi da jajayen idanu, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Yallaɓai, sunansa na jikin takardar sallamar da ka sa wa hannu."

Ba za a rataye hotonka a wurin nan ba muddin ina da numfashi da baki. Wanda ya hana ka tsayawa kusa da aikinka kana raye ba zai yi ado da kai kana ƙasa ba.

Ranar da labarin ya zo ban ƙarasa jimlar da ke kan allo ba. Na rufe ƙofar aji na gaya wa yara gaskiya: ba tafiya ka yi ba, sallamarka aka yi daga aiki saboda ka shigo ajinmu, ni na kira ka, kuma da aka tambaya na yi shiru, ka yi rashin lafiya, yau Allah Ya karɓi ranka, ka tambaye su, kuma ba ka so tafiya babu sallama ba. Wasu suka fashe da kuka, wasu ba su gane ba sai da suka ga na kusa da su na yi. Ɗan Gayu ya kifa kai a benci. Shiru ta ɗaga hannu, kamar yadda ta koyi yi a watannin nan.

Ta ce, "Malama, da aka kore shi, a ina yake kwana?"

Na ce a shagon 'yarsa, a kan benci.

Ta ce, "Da ya zo namu. Akwai wuri a bayan labule, kuma namu ba ya yoyo."

Yarinya 'yar shekara bakwai ke nan, wadda ba ta da ɗakin kanta. Mu goma sha huɗu masu takardun shaida muka zauna a kujeru, babu wanda ya yi tunanin tambayar inda za ka kwana.

A taron malamai na wannan makon na miƙe na amsa tambayar da aka yi mako takwas da suka wuce. Na ce ni na roƙe ka sau uku, hedimasta ya sani, mai shara shaida ce. Na buɗe kabad na mayar da gidaje biyar ɗin nan kan hanyarsu. An ba ni takarda in yi bayanin rashin ɗa'a, an kuma nuna mini cewa zango mai zuwa ba lallai a buƙace ni ba. Kada wanda ya karanta wannan ya yaba mini. Maganar da za ta amfane ka ranar nan ce, ranar kuwa na haɗiye ta. Wadda na yi yanzu ni kaɗai ta sauƙaƙa wa numfashi.

Shekaranjiya na koma shagon. 'Yarka ta dakatar da keke ta ce mini, "Malama, wai me Baba yake yi a ajinku? Bai taɓa gaya mana ba. Mu dai mun san gadi yake yi, kuma duk Laraba sai ya zo ya tsince mini ragowar ƙyallaye." Na fara ba ta labari, kuka ya ci ƙarfina. Na ce zan rubuto mata. 'Yar'uwa, ga amsar tambayarki. Ki ajiye wa 'ya'yanki, su san kakansu malami ne, ya koyar da yara talatin abin da ni mai takarda ban iya koya musu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ki, da mijinki wanda ya yi iya ƙoƙarinsa, da jikokin Baba huɗu, da ƙanwarsa da ta iso bayan an kai shi, da mai shara da ta riƙe masa mabuɗi makonni goma kuma har yau ba ta iya kallon shagon nan, da 'yan aji biyu da iyayensu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku, Ya sa kada ku wulaƙanta a hannun kowa.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka, Kai ne Ka fi kowa sanin abin da ya aikata da abin da aka aikata masa. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa faɗansa da kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka sanya duk abin kirkin da yaran nan za su yi da hannuwansu a mizaninsa. Ka sa Aljanna ce makomarsa. Waɗanda suka zalunce shi kuwa, na bar su da Kai. Bakina bai iya yi musu addu'ar alheri ba tukuna, kuma ba zan yi ta ƙarya ba. Ni da ya ce ya yafe wa, Ka yafe mini, kada Ka sake barina in yi shiru a irin wannan wuri.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Yaran sun ce in gaya maka sun yi maka sallama.